HATTARA DA MANHAJOJIN FASA KULLEN WAYAR SALULA

Jawabin Wayar Da Kan Jama'a



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'ar ƙasa, musamman masu sayen wayar salula 'yar gwanjo da masu sayar da ita da masu gyaranta, zuwa ga wani al'amari wanda yake jawo hasarar dukiya, wani lokaci har da zubewar mutunci. Al'amarin kuwa shi ne na manhajojin nan da ake tallarsu a intanet da bakin kasuwa, waɗanda ake cewa wai suna buɗe wayar da kamfaninta ya kulle.

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta kankama a Nijeriya, cinikin waya ya zama babbar sana'a wadda take ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa. Wanda ya taɓa shiga Computer Village a Ikeja, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ya san haka. Da yawa daga cikin wayoyin da ake ciniki a kasuwanni irin waɗannan an riga an yi amfani da su, ko a nan gida ko a ƙasashen waje, kuma babu laifi a cikin wannan ciniki muddin an bi ƙa'ida. Amma akan sami wadda za a kunna ta ta tsaya cik, ta ce sai an kawo sunan asusu da kalmar sirrin mai ita na farko. A daidai wannan lokaci ne mai saye yakan ruɗe, a daidai lokacin ne kuma macuta suke samun ƙofar shiga.

MENE NE WANNAN KULLE?

Ya kamata a bambanta kulle iri uku, domin jama'a sukan gwama su. Na farko shi ne lambar da mai waya yake sa wa fuskarta don kada wani ya duba masa sirri. Na biyu shi ne kullen da wasu kamfanonin sadarwa na ƙasashen waje suke yi wa wayar da suka sayar, don kada ta karɓi layin wani kamfani. Na uku, wanda shi ne abin magana a yau, shi ne kullen da yake ɗaure waya da asusun mai ita, yadda ko an goge duk abin da yake cikinta, ba za ta sake aiki ba sai da izininsa.

Kamfanin Apple, mai ƙera iPhone, ya fito da wannan kulle a watan Satumba na 2013, cikin manhajarsa ta iOS 7, ya raɗa masa suna Activation Lock. Shi ne 'yan kasuwa suke kira kullen iCloud. Kamfanin Google kuma ya sa irinsa a wayoyin Android a shekarar 2015, daga Android 5.1, shi ne masu gyara suke kira FRP.

Dalilin ƙirƙiro shi ba ɓoyayye ba ne. A waɗancan shekaru ƙwacen waya ya addabi manyan biranen duniya, har hukumomi suka matsa wa kamfanoni lamba su yi dabarar da za ta sa wayar sata ta zama ba ta da amfani. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 2014 cewa daga ranar 1 ga Yuli, 2015, duk sabuwar wayar zamani da za a sayar a jihar sai ta zo da irin wannan kariya. A watan Fabrairu na 2015 kuwa, mahukuntan birane uku suka ba da sanarwar cewa bayan zuwan kullen, satar iPhone ta ragu da kashi 40 cikin 100 a San Faransisko, da kashi 25 cikin 100 a Niyok, satar wayoyin zamani a Landan kuma ta ragu da rabi. Ashe ke nan kullen ba don ƙuntata wa mai saye aka yi shi ba. An yi shi ne don ɓarawo ya rasa kasuwa.

INDA KULLEN YAKE

Ga babban abin da ake so kowa ya riƙe daga wannan jawabi. Kullen iPhone ba a cikin wayar yake ba. Yana can cikin rajistar da kamfanin yake ajiye da ita a manyan kwamfutocinsa. Duk lokacin da aka goge waya aka zo tayar da ita, sai ta aika da lambobin shaidarta zuwa ga kamfanin ta intanet. Idan rajista ta nuna babu sunan kowa a kanta, sai kamfanin ya aiko mata da izini mai ɗauke da hatiminsa, wanda da shi ne take karɓar layi, ta yi kira, ta karɓi saƙonni. Idan kuwa rajista ta nuna tana da mai ita, sai a hana izinin har sai an kawo kalmar sirrinsa.

Misalin wannan shi ne misalin gida da ofishin filaye. Mutum yana iya haura katangar gidan wani, ya karya kwaɗo ya sa nasa, ya kankare sunan da yake jikin ƙofa, har ya kwana a ciki. Amma duk wannan bai taɓa littafin da yake ofishin filaye ba, kuma ranar da aka buɗe littafin, sunan mai gida za a gani. To, manhajar da aka saka wa waya a shago, iyakar ikonta ita ce wayar da take gabanta. Hannunta ba ya kaiwa ga rajistar kamfani.

Tsarin Android ya ɗan bambanta. A can ana ajiye alamar mai waya a wani keɓaɓɓen lungu na ƙwaƙwalwarta wanda gogewa ba ta taɓa shi, sa'an nan a tabbatar da asusun a wurin Google. A tsofaffin wayoyi an sha samun kafofin da ake bi a kewaye wannan, amma daga Android 15, wadda ta fito a 2024, an ƙara tsaurarawa, yadda ko an tsallake matakin tambayar, wayar za ta ƙi karɓar sabon asusu, ta ƙi sabuwar lambar kulle, ta kuma ƙi saka sababbin manhajoji.

MASU CEWA SUNA BUƊEWA KASHI UKU NE

Kashi na farko 'yan damfara ne tsantsa. Sukan buɗe shafi mai ƙyalli a intanet, su ce a aiko da lambar waya ta IMEI da kuɗi, za su goge sunan daga rajistar kamfani cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan an biya, sai su dawo su ce wayar tana da taurin kai, sai an ƙara wani abu. Haka za su yi ta tatsa har mai biya ya gaji. Galibi sukan nemi a biya su da kuɗin kirifto ko wata hanyar da ba a iya maido da kuɗi, kuma wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali.

Kashi na biyu su ne masu manhajar da take yin wani abu, amma ba abin da aka yi alkawari ba. A watan Satumba na 2019 wani mai binciken tsaron na'urori ya bayyana wani aibi, wanda aka raɗa wa suna checkm8, a ƙwaƙwalwar wayoyin iPhone tun daga ƙirar 4S har zuwa ƙirar X. Aibin a jikin ƙwaƙwalwar yake tun daga masana'anta, saboda haka kamfani ba shi da halin toshe shi ta hanyar sabunta manhaja. A kan wannan aibi ne aka gina da yawa daga cikin manhajojin fasa kulle. Abin da suke yi shi ne su rushe garkuwar wayar, su ɓoye shafin da yake tambayar kalmar sirri, sai wayar ta buɗe kamar lafiya lau. Amma izinin nan mai hatimi bai zo ba, sunan mai ita kuma yana nan daram a rajista. Wayoyin da suka fito daga 2018, watau daga ƙirar XS da XR, ba su da wannan aibi. Lokaci-lokaci akan gano wata kafa a manhajar sababbin wayoyi, amma irin wannan kafa kamfani yakan toshe ta idan ya fitar da sabuntawa.

Kashi na uku su ne mafi haɗari, domin su sun san cewa mabuɗi na gaskiya yana hannun mai waya, sai suka koma farautarsa. Wanda aka sace wa waya yakan sa ta cikin yanayin ɓata, ya rubuta lambar da za a same shi a fuskarta. Sai waɗannan mutane su aika masa da saƙo kamar daga kamfani, cewa an ga wayarsa a wuri kaza, ya latsa nan ya shigar da kalmar sirrinsa don ya ga taswira. Da ya shigar, shi ke nan, ya miƙa musu mabuɗi da hannunsa. A watan Satumba na 2024 hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, watau Europol, ta ba da sanarwar rushe wani dandali mai suna iServer, wanda wannan ce sana'arsa, tare da 'yan sandan Sifen da Ajantina da wasu ƙasashen Kudancin Amurka. An kama mutum 17. Bincike ya nuna an yaudari mutane kimanin 483,000, an kuma buɗe wayoyi fiye da miliyan 1.2 ta wannan hanya. Saboda haka idan wani ya karɓi waya a kulle ya dawo da ita a buɗe sarai ba tare da rasit ko yardar mai ita ba, lalle akwai abin tambaya game da wanda aka cuta a bayan fage.

HAƊURRAN DA SUKE TATTARE DA SU

Hasarar kuɗi ita ce mafi sauƙi. Wanda ya sayi waya a kulle ya riga ya yi hasara sau ɗaya. Idan ya biya mai fasawa ya yi ta biyu. Idan kullen ya dawo ya sake biya, ya yi ta uku. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da yake shiga kwamfuta. Yawancin manhajojin nan a kwamfuta ake saka su, kuma kusan kullum umurninsu na farko shi ne a kashe manhajar riga-kafi wadda take tsare kwamfutar. Mai gidan da baƙo ya ce masa sai ya sallami maigadi kafin ya shigo, ya kamata ya yi tunani. Ta wannan ƙofa mugayen manhajoji suke shiga su kwashe kalmomin sirrin da aka adana, da na imel, da na banki. Idan kuwa kwamfutar mai gyara ce, wadda ake jona wayoyin jama'a da ita safe da yamma, to, ɓarnar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba.

Ita ma wayar da aka rushe wa garkuwa ta zama gidan da ba shi da ƙyaure. An ga misalin haka a shekarar 2015, lokacin da kamfanin tsaro na Palo Alto Networks ya gano wata muguwar manhaja mai suna KeyRaider, wadda ta sace asusun Apple fiye da 225,000, dukkansu daga wayoyin da aka rushe wa garkuwa. A yau da waya ta zama jakar kuɗi, ake aiko da lambobin tabbatar da cire kuɗi ta cikinta, wanda ya sa harkar bankinsa a irin wannan waya ya ajiye dukiyarsa a bakin hanya. Ga shi kuma ba ya iya sabunta ta, domin da ya sabunta kullen zai iya dawowa, sai ta zauna da tsofaffin kafofin da aka daɗe da toshe wa sauran wayoyi.

Sa'an nan ga maganar shari'a. Karɓar kayan sata laifi ne a ko'ina cikin ƙasar nan. Sashe na 427 na kundin Criminal Code da sashe na 317 na kundin Penal Code duk sun tanadi hukuncin ɗauri ga wanda ya karɓi kaya alhali ya san na sata ne, jihohin da suka sake rubuta nasu kundin kuma ba su yar da wannan laifi ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse cikin na'urar wani da yaudarar mutane don karɓe musu kalmar sirri. Kowace waya tana da lambar IMEI wadda take bayyana ga kamfanin sadarwa duk lokacin da aka sa mata layi, kuma tun daga Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan masu bincike suka bi sawun wayar sata, ƙofar wanda take hannunsa za su fara ƙwanƙwasawa. Wayar da ta rubuta ɓaro-ɓaro a fuskarta cewa tana da mai ita, aka kuma biya kuɗi don a ɓoye rubutun, da wuya mai riƙe da ita ya gamsar da alƙali cewa bai san kome ba.

IDAN AN RIGA AN FAƊA: ALAMOMI DA ABIN YI

1. Waya ta ƙi tashi, amma ba ta tambayi asusun kowa ba. Ba kowace gardama ce kulle ba. Wani lokaci intanet ne ba shi da ƙarfi, ko layi bai zauna daidai ba, ko kwamfutocin kamfanin ne suke da cunkoso. A canja intanet, a gyara zaman layi, a ɗan dakata a sake gwadawa, kafin a kai ta wurin kowa.

2. Kulle ya dawo bayan an kashe waya, ko an sabunta ta, ko an goge ta. Wannan ba kuskuren mai riƙe da ita ba ne, halin aikin ke nan, domin rufa-rufa aka yi tun farko. Kada a sake biyan ko kwabo. A mayar wa wanda ya sayar da ita, a nemi kuɗi.

3. Waya ta buɗe amma babu sabis, ko kuwa saƙonnin iMessage da kiran FaceTime da sanarwar manhajoji ba sa zuwa. Sababin shi ne rashin izinin nan mai hatimi. Canja layi ba ya magani, canja wani ƙarfe a cikinta ma ba ya yi. Haka nan idan an sa lambar IMEI ɗinta cikin jerin wayoyin sata da kamfanonin sadarwa suke musaya, to, wannan wata matsala ce dabam wadda manhaja ba ta taɓa ta.

4. Waya ta maƙale a kan tambarin kamfani, tana mutuwa tana tashi. Maganinsa shi ne a jona ta da kwamfuta mai tsabta, a sake zuba mata manhajarta ta asali ta hanyar manhajar kamfanin kansa. Wannan zai goge kome, kullen kuma zai bayyana, amma wayar za ta dawo cikin hayyacinta, a san gaskiyar halin da take ciki.

5. Manhajar banki ta ƙi buɗewa. Bankuna da yawa sun tsara manhajarsu ta ƙi aiki a wayar da aka rushe wa garkuwa. Wannan kariya ce ga mai asusu. Kada a nemi wata dabarar da za ta ɓoye wa banki, kada garin gyaran gira a rasa ido.

6. An saka manhajar fasawa a kwamfuta. A raba kwamfutar da intanet nan take, a mayar da manhajar riga-kafi, a bincike ta sarai. In da hali a goge ta a sake zuba mata manhaja. Sa'an nan a ɗauki wata na'ura dabam a canja kalmomin sirri, a fara da na imel, domin ta nan ake ƙwace sauran.

7. An ba wani shafi lambobin katin banki. A sanar da banki a ranar, a toshe katin, a ajiye shaidar biya da saƙonnin da aka yi musaya, a kai rahoto ga 'yan sanda.

HANYOYIN DA SUKE NA GASKIYA

Ba duk wanda waya ta kulle masa ne mai laifi ba. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu, wadda ya kamata a bari: mutum ya sayi sabuwar waya da guminsa, sai ya miƙa wa yaron shago ya buɗe masa asusu, bai tambayi sunan asusun ba, bai rubuta kalmar sirri ba. Bayan shekara biyu aka goge wayar, ta tambaye shi abin da bai taɓa sani ba, yaron shagon kuwa ya daɗe da barin garin. Akwai kuma wanda ya manta, da wanda ya gaji wayar mamaci, da wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da ita daga waje bai cire sunansa ba. Duk waɗannan suna da hanya, kuma kamfani ba ya karɓar kuɗi a kanta.

Wanda ya manta kalmar sirri, ya nemi a sake masa ita a shafin kamfanin, ta lambar waya ko imel ɗin da ya yi rajista da su. Idan ya rasa su duka, akwai tsarin maido da asusu, wanda yakan ɗauki kwanaki, sai a yi haƙuri. Mai Android da ya canja kalmar sirrin Google, ya dakata awa 24 kafin ya goge wayarsa, kamar yadda kamfanin ya ba da shawara, domin wayar tana iya ƙin karɓar sabuwar kalmar kafin cikar wannan lokaci.

Wanda mai wayar na farko yana raye kuma ana iya samunsa, aikin bai fi na 'yan mintoci ba. Ko yana wata ƙasa, zai shiga asusunsa na iCloud, ya goge wayar daga can, ya cire ta daga jerin na'urorinsa. Ba sai ya faɗa wa kowa kalmar sirrinsa ba.

Wanda yake da rasit, Apple yana da shafin karɓar roƙon cire kulle. Ana bukatar lambar jikin wayar ko ta IMEI, da shaidar saye mai ɗauke da wannan lamba. Ba a karɓar roƙo a kan wayar da aka sa cikin yanayin ɓata, ba kowane roƙo ake amincewa da shi ba, kuma idan an amince za a goge abin da yake cikin wayar.

Game da mamaci, tun daga Disamba na 2021 mai iPhone yana iya naɗa wanda zai gaji asusunsa tun yana raye. Wanda aka naɗa zai gabatar da mabuɗin da aka ba shi tare da takardar shaidar rasuwa. In ba a yi naɗin ba, akan bukaci takardun kotu. Wayar da ma'aikata ko makaranta ta raba wa mutanenta kuwa, ofishin da ya raba ta shi ne yake da ikon buɗe ta.

KAFIN A BIYA KUƊI

Mai saye ya sani cewa tun Janairu na 2017 Apple ya rufe shafin da jama'a suke duba halin kullen waya da lambarta. Saboda haka babu abin dogara kamar gwaji ido da ido. Kada a yi cinikin biri a sama.

Ya sa mai sayarwa ya goge wayar a gabansa, a tayar da ita daga farko da intanet, har ta kai ga shafin manhajoji ba tare da ta tambayi asusun wani ba. Wayar da aka yi wa rufa-rufa a nan asirinta yake tonuwa, shi ya sa mai sayar da irinta yakan ƙi yarda a goge. Wanda ya ƙi, a bar masa kayarsa. Sa'an nan ya sa layinsa ya yi kira, ya shigar da asusunsa na kansa. Ya latsa *#06# ya ga lambar IMEI mai alƙaluma 15, ya gwada ta da wadda take jikin kwali. Daga ƙarshe ya karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sunan shago da kwanan wata, ya adana shi kamar yadda ake adana takardar fili. Idan ɗan kasuwa ya ƙi sauraron koke, akwai ƙungiyar 'yan kasuwar wurin, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, watau FCCPC.

Mai sayar da tasa wayar, ya fita daga asusunsa tukuna, sa'an nan ya goge ta, don kada ya jefa mai saye cikin wahala.

Masu gyaran waya kuwa, sana'arsu sana'a ce ta amana. Kada su karɓi aikin cire kulle daga wanda ba shi da shaidar mallaka, kuma su riƙa rubuta sunan mai kawo aiki da lambar IMEI a littafi. Su lura kuma cewa daga iOS 18, wadda ta fito a 2024, kullen ya shafi har sassan waya irin su batir da kamara da gilashin fuska, yadda sashen da aka ciro daga wayar da take kulle ba ya samun cikakkiyar karɓuwa a wata wayar. Watau ko fiɗe wayar sata a sayar da kayan cikinta ya rage riba.

Wanda aka sace wa waya, ya sa ta cikin yanayin ɓata, ya sanar da kamfanin layinsa da bankinsa da 'yan sanda. Kada ya cire wayar daga asusunsa, ko an roƙe shi, ko an yi masa barazana, domin cirewar ita ce buɗe kullen. Kamfanin Apple ya bayyana cewa ba ya tuntuɓar kowa don ya ce an ga wayarsa. Duk saƙon da ya zo da haka tarko ne. Wanda ya tsinci waya kuma, ya kira lambar da take fuskarta, ko ya kai ta ofishin 'yan sanda mafi kusa.

KAMMALAWA

Jama'a, kullen nan mabuɗinsa biyu ne rak: yardar mai waya, ko shaidar saye wadda kamfani ya gamsu da ita. Duk wanda ya zo da na uku, ko dai zai karɓi kuɗi ya ɓace, ko ya lulluɓe matsalar ta dawo gobe, ko kuwa ya cuci wani bawan Allah a madadin mai biyansa. Kowace wayar kulle da aka saya, ƙarfafa gwiwa ce ga mai fizge waya a tasha da bakin titi, kuma wanda ya sayi ta wani yau, ba shi da tabbacin ba tasa za a kawo kasuwa gobe ba.

Ana roƙon wanda wannan bayani ya iso gare shi ya isar da shi ga iyalinsa da maƙwabtansa, musamman waɗanda ba su iya karatu ba.

A GWADA KAFIN A BIYA.
A KARƁI RASIT, A ADANA SHI.
KOWA YA RIƘE KALMAR SIRRINSA DA KANSA.
RIGA-KAFI YA FI MAGANI.